Jinsin Gwanda Kafin Fure

Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina renon itatuwa a bakin mayo, wato rafi, nan bayan unguwar Yelwa a Mubi, kuma har yau ban ga mutumin da ya shigo lambun nan ya ce aikin yana da wuya ba. Kowa ya leƙo ya ga ledoji jere a inuwa sai ya ce ai zuba ƙasa ne da ban ruwa, wa zai kasa. Ku ma da aka turo ku koyon sana'a na ga haka a fuskarku tun ranar farko, musamman masu zuwa da farin takalmi. Ban ji haushi ba. Ni ma da wannan tunanin na shigo, kuma na daɗe da shi fiye da yadda ya kamata.

Shekaranjiya ɗaya daga cikinku, wadda ta karanta aikin gona, ta zo da takarda mai gida-gida za ta rubuta duk abin da ke lambun. Akwai gidan suna, akwai gidan nau'i, akwai gidan jinsi. Da ta iso kan 'ya'yan gwandar da ke cikin leda sai ta tambaye ni me za ta sa a gidan jinsi, mace ko namiji. Na ce ta bar wurin fili. Ta ce ai ta gani a waya ana ganewa ta saiwa. Na ce ta dai bar shi fili. Na ga ranta bai so ba, ta ɗauka rowar sani nake yi irin ta tsofaffi. Ba rowa ba ce. Dabarar saiwar nan na fi wayarta saninta, don na yi shekara shida ina cin abinci da ita.

Kalmar jinsi ban tashi da ita a bakina ba. A rediyo na fara jin ta, ana cewa jinsin ɗan Adam, jinsin tsuntsaye, ko a ce an yi taro don jinsin mata. Daga baya malaman gona suka riƙa zuwa suna cewa wannan jinsin mangwaro ya fi wancan jure fari, wani kuma ya ce nau'i, duk abu ɗaya suke nufi. Mu a lambu iri muke cewa. Mai saye zai nuna leda da ƙafa ya ce, "Wannan wane iri ne?" In kuma gwanda ce ko dabino, tambayarsa ita ce, "Mace ne ko namiji?" Ko da wace kalma aka tambaye ka, amsar da za ka bayar ita ce sana'ar gaba ɗaya. Tela in ya ɓata riga, ranar da aka sa ta za a gani. Mu kuwa in ka ce wa mutum wannan iri kaza ne, zai tafi ya haƙa rami, ya yi shinge, ya yi ta ban ruwa, sai bayan wata biyar, ko shekara huɗu in mangwaro ne, sannan zai san ko gaskiya ka faɗa masa.

Aikin farko da aka ba ni shi ne haɗa ƙasa. Ina da shekara goma sha bakwai mahaifina, wanda ya zo Mubi daga ƙasar Katsina da kayan koli, ya gaji da ganina ina hamma a bakin shago, ya kama hannuna ya kai ni wurin Baba Vandi. Baba Vandi mutumin duwatsun Michika ne, ya yi aikin gandun daji kafin ya buɗe wannan lambu. Gajere ne, ba ya dariya sai in dashe ya kama. Ya nuna mini tsibi uku, na ƙasar sama, na yashi, da na kashin shanu da ya shekara ya ruɓe har ba ya wari. Baro uku na ƙasa, ɗaya na yashi, ɗaya na taki. In ka gama juyawa da shebur sai ka yayyafa ruwa ka damƙi ƙasar a hannu. In ta dunƙule ta ƙi fashewa, yashi ya yi kaɗan, saiwa za ta ruɓe. In ta zube tun kafin ka gama buɗe hannu, ya yi yawa. Wata uku ina wannan, ban taɓa ko ganye ɗaya ba. A lokacin baƙar leda ba ta wadata kamar yanzu ba, gwangwanin madara muke tsinta a bayan masu shayi, mu huda gindinsa da ƙusa.

Ranar da ya ba ni wuƙar aure ina tuna ta sarai. Aure shi ne a ɗauko reshen mangwaro mai kyau a haɗa shi da ƙaramin mangwaron gida da aka shuka daga ƙwallo, su zama itace ɗaya. Wuƙar ba ta kanti ba ce. Karyayyen ruwan zarto ne na yankan ƙarfe, ya wasa shi a dutse har yana aske gashin hannu, ya naɗe mariƙin da robar tayar keke. Za ka tsaga kan ƙaramin, ka fere gindin reshen ta gefe biyu, kowane gefe da yanka ɗaya, ka zura, ɓawo ya haɗu da ɓawo, sannan ka ɗaure da ledar burodi da aka yanka siri-siri. In ka taɓa wurin yankan da yatsa, ka kashe shi. Na yi hamsin a makon farko, shida suka kama. Baba ya bi layin yana cire matattun yana miƙo mini ɗaya-ɗaya har hannuna ya cika.

"Hudu," ya ce, "kai kana yanka kamar mahauci. Itace ba ya gudu. Yi a hankali."

Shi ya koya mini raba iri ba tare da takarda ba. Yakan sa in rufe ido, ya murje ganye ya kai mini hanci. A cikin mangwaro, Binta siga ƙamshinta daban, fafaranda daban, mangwaron gida mai zare kuma yana da ɗan warin kananzir. Lemon zaƙi da lemon tsami tun suna tsawon yatsa hanci yana raba su. In na kuskure sai ya ce, "Hanci naka ya tafi kasuwa ne?" Har gobe in aka kwashe duk alamun da ke lambun nan zan mayar da kowace leda layinta kafin la'asar. Wannan sani ne na gaskiya, kuma shi ya ruɗe ni daga baya, don na ɗauka babu abin da itace zai iya ɓoye mini.

Masu saye kuwa sai ka yi haƙuri da su. Wani tsohon ma'aikaci ya taɓa ɗaukar lemo talatin, bayan wata huɗu ya dawo yana huci, wai mun ba shi marasa lafiya, ba sa girma. Baba ya tura ni in duba. Na tona gindin ɗaya na tarar ya dasa su da ledarsu, saiwa ta nannaɗe a ciki kamar igiya a aljihu. Ya ce ai ba wanda ya gaya masa a cire. Tun daga nan duk wanda ya saya, ko farfesa ne, sai na ce masa ya yaga ledar. Wasu su ji haushi, su ce na mayar da su yara. Gara su ji haushin.

Gwanda ce kaɗai Baba bai taɓa yarda ya yanke magana a kanta ba. Irin gwandar gida da muke shukawa, wata mace ce wata namiji, kuma tun daga ƙwaya har ta kai ƙirjin mutum kamarsu ɗaya. Sai ta yi fure ake sani. Furen mace babba ne, ɗaya ko biyu, manne da jikin itacen a hammatar ganye. Na namiji ƙanana ne barkatai a kan dogayen sanduna masu reto, ga ƙamshi, ga ƙudan zuma, amma ko shekara nawa zai yi ba zai ba ka abin kai wa kasuwa ba. Dokar Baba ita ce uku a rami ɗaya. In sun yi fure ka sare mazan ka bar mace mafi ƙarfi, sannan a duk rami goma ko sha biyu ka bar namiji ɗaya, don in babu shi matan ma ba za su riƙe 'ya'ya da kyau ba. Masu saye sun ƙi jinin wannan doka. Gani suke dabara ce ta sayar da leda uku maimakon ɗaya. Wani mai babbar riga ya taɓa tsayawa a nan yana faɗa, wai shekara nawa Baba yana aikin nan amma bai san mace ba.

"Ban sani ba, oga," in ji Baba. "Shi ma gwanda bai gaya mini ba. Kai in ka sani, zaɓa."

Mutumin ya zaɓi ɗaya ya tafi, bai dawo ya gaya mana abin da ya samu ba.

Da ƙafafun Baba suka gaza, 'ya'yansa suka mayar da shi gida kan dutse, ya bar mini lambun da wuƙar. Bayan wasu shekaru wani direban babbar mota ya tsaya sayen lemo, ya tarar da ni ina cire 'ya'yan gwanda daga fangali ina mayar da su leda. Ya ce a inda yake zuwa lodi ba sa wahalar uku-uku. Saiwa ake dubawa. In ta miƙe guda ɗaya kamar ƙusa, namiji ne. In ta rabu biyu ko ta yi gashi-gashi, mace ce. Maganar ta shige ni, don ta yi kama da gaskiya. Na fara warewa. Masu miƙaƙƙiyar saiwa in watsar da su bayan shinge awaki su cinye, sauran in jera su layi guda in ce wa masu saye waɗannan mata ne.

Ga yadda ƙarya take daɗewa a wannan sana'a ba a kama ta ba. Yawancin masu sayen gwanda biyu suke ɗauka ko uku, su dasa a bayan ɗaki inda ruwan wanka yake bi. Wanda tasa ta fito mace zai dawo da gwanda a hannu yana sa mini albarka a gaban jama'a. Wanda tasa ta fito namiji ba zai hau keke napep ya zo Yelwa saboda leda biyu ba, sarewa yake ya manta. In wani ya dawo da ƙorafi sai in ce ƙasarsa ce ta yi zafi, ko an musanya leda a hanya, kuma wallahi ni ma na yarda da abin da nake faɗa. Masu yabo kawai nake gani. Suna ya tafi har unguwar Kolere, ana cewa a je wurin Malam Hudu mai ganin mace a leda. Kaina ya kumbura. Wata Kirsimeti na hau dutse gaishe da Baba, na same shi a kan tabarma yana shan hantsi. Ya ce, "An ce ka zama boka yanzu." Na yi dariya na ce zamani ne ya zo da sabon ilimi. Ya dube ni, ya juya maganar zuwa ciwon gwiwarsa.

In aka ce mummunar shekara, kowa a garin nan shekarar gudu yake tunawa, lokacin da 'yan ta'adda suka shigo garin. Ni ma na gudu da iyalina, na dawo na tarar da ledoji tuli da busassun tsinkaye a ciki, an kwashe injin ban ruwa da baro. Na sake farawa, a hankali har na kuma mallakar inji. Amma wannan abu ne da ya faɗo wa kowa, ba ni na jawo shi ba. Tawa mummunar shekarar ta zo bayan shekara biyu, kuma da bakina na kira ta.

Ƙarshen damina ne, ana cikin cire gyaɗa, wata mata da ta kusa sittin ta shigo lambun. Sunanta Mama Kuve, daga ƙauyen Betso. Ta yi aikin shara a asibiti har ta yi ritaya, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna birni. Tana da gona a gefen wani ƙaramin mayo da ke ƙafewa da rani, inda take tona rami a cikin yashi ta ɗebi ruwa. Kowane rani tana shuka alayyafo da yakuwa a wurin, da su take cefane har damina ta dawo. A shekarar tana so ta ƙara da gwanda a gefe ɗaya, ta dasa da wuri don su yi ƙarfi kafin ruwan Agusta mai ruɓar da ƙanana.

"Malam, na tona rami arba'in," ta ce. "Ka ba ni ɗari da ashirin, uku-uku. Haka baba na yana yi."

Matar nan ta zo da ilimin da ya dace a hannunta. Da na ƙirga mata na ja bakina na yi shiru, da yau ba ni da labarin ba ku. Kuma ku lura, ba kwaɗayi ba ne, leda ɗari da ashirin za ta ɗauka ko ta wace hanya. Son a sani ne kawai.

"Mama, wannan ai aikin da ne," na ce. "Waɗannan da kike gani duk na tace su, mata ne. Me zai sa ki cusa mata uku a rami ɗaya, ki zo ki sare biyu? Ki ƙara rami tamanin, kowace ta samu ɗakinta."

"Rami tamanin a ina? Sai dai wurin alayyafo."

"Alayyafo me zai ba ki? Gwanda ɗari da ashirin fa ake magana."

Ta dubi ledojin. "Ruwa yana da nisa, Malam. Da kai nake ɗauka, kuma akwai hawa. Ni ba ni da inji."

"Duk garwar da kika ɗauka, mace ce za ta sha," na ce. Na tuna har da buga ƙirji.

"Ka tabbata?"

"Mama, tambayi kowa a garin nan."

Ta ce ta riga ta tambaya, shi ya sa ta wuce lambu biyu ta zo nawa. Ta koma ta tona sauran ramukan a inda take shuka ganye, bayan mako biyu na aika mata da dashen. Garwa ɗaya rami uku take shayarwa, wato garwa arba'in kafin ta zagaye gonar. Ta raba su kwana biyu, ashirin yau ashirin gobe, daga Nuwamba har Maris. Ita da take sayar da alayyafo, a ranin nan miyar kuka ta yi ta kaɗawa. Duk wannan daga baya na sani. A lokacin ni ina nan ina ba masu saye labari cewa har gonar gwanda guda na cika da mata zalla a Betso.

Ƙarshen Maris, zafi ya kai inda yake kaiwa, wani ɗan acaɓa da ke bin hanyar Betso ya tsaya a bakin lambu bai ko kashe mashin ba. Ya ce, "Malam, Mama Kuve ya ce ka zo ka gai da matan naka. Sun yi fure." Washegari da safe na sa sabuwar hula. Wallahi sabuwar hula na sa, don na ɗauka yabo zan je karɓa.

Tun kafin in sauka daga mashin hancina ya gaya mini. Ƙamshin furen namiji ba ya ɓuya, kuma gonar gaba ɗaya ƙamshi take, ƙudan zuma sai kai-komo suke. Itatuwan sun yi kyau, wannan ya fi komai yi mini ciwo. Kore shar, sun kai kafaɗata, kowanne da busasshiyar ciyawa a gindi don riƙe laima, babu wanda aka bari da ƙishi. Ta kowane gefe kuma ga dogayen sandunan nan suna reto. Mama Kuve tana tsaye a bakin gonar da ƙaramin kwano a hannu. Ta rame, wuyanta duk jijiya. Maƙwabtanta uku suna zaune a kan dutse, sun zo kallo.

Na gaishe ta, ta amsa da kyau, har ta tambayi iyali. Na fara cewa wani lokaci zafin ƙasa yakan sa haka, sai ta ɗaga hannu.

"Malam, ni ban yi makaranta ba. Kai ne ka san su. Zo mu bi layi, ka gaya mini kowanne."

Muka fara daga ramin farko. Ta nuna da yatsa. "Wannan fa?"

"Namiji."

Ta tsinci tsakuwa ta jefa a kwano. "Wannan fa?"

"Mace ce."

"To, madalla. Wannan fa?"

Haka muka bi rami ɗari da ashirin a cikin ranar nan, ba ta tsallake ko ɗaya ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta fi ni sanin amsar, ita da take wuni a cikinsu. So take ta ji daga bakin da ya ce mata duk mata ne. Tun ina faɗa da ƙarfi har na koma faɗa ƙasa-ƙasa, in na yi haka sai ta ce ba ta ji ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba, ko a gaban mahaifina. Da muka kai ƙarshe ta zube tsakuwar a ƙasa ta ƙirga. Maza sittin da takwas. Goma sha ɗaya sun mutu tun suna ƙanana. Mata arba'in da ɗaya. Wato abin da za ta samu da raminta arba'in, da na bar ta da dabarar babanta, kusan shi ta samu, sai dai ta shayar da rami ɗari da ashirin kafin ta same shi, kuma babu alayyafo ko ganye ɗaya. Dabarar saiwa ba ta raba komai ba. Da na rufe ido na kwasa, abin da zai fito ke nan. Sai a lokacin na tuna da waɗanda na yi shekara shida ina watsa wa awaki, ashe rabinsu mata ne.

Ɗaya daga cikin maƙwabtan, wani dattijo mai sanda, ya ce kada a yi saurin sarewa. A garinsu in gwanda ta fito namiji ƙusa ake buga mata a gindi, ko a ɗaura mata tsohon zane, sai ta juya ta zama mace. Na duba na ga ashe har an buga wa wasu, ga tsatsa tana bin jikinsu. Mama ta juyo ta dube ni.

"Malam, gaskiya ne? In gaskiya ne zan ci gaba da ba su ruwa."

Amsar tana kan harshena, kuma mai daɗi ce. In na ce gaskiya ne, na samu wata biyu, damina ta sauka, magana ta yi sanyi, wataƙila ma ɗaya ko biyu su ba da abin nunawa, don namiji yakan rataye ɗan ƙaramin ɗa a ƙarshen sanda wani lokaci. Amma ita za ta ci gaba da hawa da garwa saboda su. Na ce, "Mama, ban taɓa ganin ƙusa ta mayar da namiji mace ba. Maganar saiwar ma ba sani na yi ba, a bakin wani direba na ji. Ba ƙasarki ba ce. Ni ne."

Ta shiga bukka ta fito da adda, ta miƙo mini ta wajen mariƙi.

Jikin gwanda ba shi da ƙarfi, sara ɗaya take faɗuwa, cikinta rami ne da ruwa. Na bar maza shida a warwatse saboda matan, na zaɓi waɗanda ke gefen da iska take fitowa, kamar yadda Baba ya koya mini. Sauran sittin da biyu na kwantar da su kafin la'asar. Farin ruwansu ya ɓata mini riga ya ci mini hannu, maƙwabta suka ja ganyen suka kai wa dabbobinsu. Tun daga ranar nan ban sake ce wa kowa gwanda mace ce ba sai na ga fure, kuma na rasa masu saye da dama saboda haka, suna wucewa lambun gaba inda ake ba su amsar da suke so.

Da na gama saran na ce mata gobe zan kawo sabon dashe, uku a kowane ramin da ya zama fili, kyauta. Na faɗi haka ina jin kamar na gyara ɓarnar.

"Dashe kam kana da shi da yawa," ta ce. "Ruwa fa? Ruwan da na ɗauka, wa zai mayar mini?"

Abin da na iya cewa shi ne, sababbin da zan kawo ni zan shayar da su har ruwan sama ya sauka, ita ta ji da matanta arba'in da ɗaya. Ta dube ni tun daga hula har takalmi. Ta ce, "To."

Na bar wa ƙanena lambun, na kai dashen, muka cika rami saba'in da uku. Ƙananan gwanda a wannan zafi kullum suke son ruwa, ba a tsallake musu rana. Da sassafe ta ba ni garwa da gammo, ta nuna mini hanya. Ramin da ke cikin yashin mayo ya yi zurfi har ƙirjina, don kullum ruwan ƙara gudu yake ƙasa. Sai ka sauka, ka jira ya taru, ka kwasa da ƙwarya kaɗan-kaɗan kada ka tayar da laka, ka ɗora garwar a baki, ka fito, ka aza a ka. Daga nan sai hawa, gangare ne mai tsakuwa, taku ɗari biyu da wani abu zuwa ramin farko. Ni da nake cewa ban ruwa ne aikina tun ina saurayi, ashe ruwana a ƙofar lambu yake, kuma inji ne yake yi mini rabin wahalar. A garwa ta goma wuyana ya ƙi juyawa. A ta sha biyar na zame na zubar da ɗaya a kan gangaren, na koma na sake jiran ruwa ya taru. Sai da rana ta take tsaka na juye ta ashirin da biyar.

Ita ta daɗe da gama nata. Tana zaune a gindin tsamiya tana ɓarar gyaɗa. Na ja ƙafa na zube kusa da ita. Ta tura mini kwanon kunu da bayan hannunta ba ta ɗago kai ba.

"Sannu, Malam," ta ce. "Wannan na yau ne. Gobe ka zo da wuri. In shanu sun riga ka, sai ka sake tona ramin."

Ruwan sama bai sauka ba sai bayan kwana arba'in da uku.